Harry H. Corbett: Jarumin da shahararsa ta ɗaure shi

An haifi Harry H. Corbett a Rangoon ta ƙasar Burma a 1925. Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, ya tashi a hannun dangi a Manchester. Ya yi fice a wasan daɓe har ana kwatanta shi da Marlon Brando.

A 1962 BBC ta sa shi a shirin barkwanci na Steptoe and Son, inda ya fito a matsayin Harold, ɗan jari-bola mai burin rabuwa da tsohon mahaifinsa, kullum suna cacar baki. Shirin ya kai 1974, amma daga nan masu kallo suka daina ganinsa sai a matsayin Harold. Ya rasu sakamakon bugun zuciya a 1982, yana da shekara 57.