Likita Papanikolau, Wanda Ya Gano Sankara Tun Ba Ta Nuna Kanta Ba

An haifi Joji Papanikolau ran 13 ga watan Mayu, 1883, a garin Kimi, cikin ƙasar Girka. Ubansa likita ne, shi kuwa ya bi sawunsa, ya gama karatun likita a Jami'ar Atina cikin 1904. Sa'an nan ya tafi Jamus, ya ƙaro ilmin halittar dabbobi a birnin Munik har 1910.

Cikin 1913 ya ƙaura zuwa Amurka, shi da matarsa Andromaki, hannunsu ba kauri. Likita guda, sai ga shi yana sayar da darduma a kanti, yana kuma kiɗan goge a gidajen abinci don neman na tuwo. Cikin 1914 ya sami aiki a makarantar likitoci ta Jami'ar Konel, a Niyok.

Can ya fara bincike a kan ɓeran Masar. Ya lura idan an shafo ruwan gaban mace, aka shimfiɗa bisa gilashi, aka duba da madubin likita, ƙwayoyin da ke ciki su kan nuna halin da mahaifa ta ke. Da ya juyo kan 'yan Adam, matarsa ce ta ba da kanta, ana gwada ta kullum har shekara 21. Bayan haka ya gwada matan asibiti, ya ga ƙwayoyin mai sankarar bakin mahaifa sun bambanta da na mai lafiya.

Ya bayyana haka cikin 1928, amma likitoci ba su kula shi ba, don sun fi amincewa da yanko tsoka a duba. Bai karaya ba. Cikin 1943, shi da Likita Habat Tarawut suka buga littafi a kan gwajin, sai duniya ta karɓa. Mahakurci mawadaci. Ya rasu a Mayami ran 19 ga Fabrairu, 1962, da ciwon zuciya.

Amfanin gwajin shi ne, wannan cuta ta kan yi shekaru tana saƙa kafin ta zama sankara, in an gan ta da wuri kuwa ana magance ta. Amma fa kada mu ɗauka gwajin ba ya kuskure, musamman ga dattawan mata. Idan haila ta ɗauke, wurin da cutar ta kan soma ya kan janye zuwa cikin wuyan mahaifa, inda abin shafowa ba ya kaiwa sosai, sai a ce lafiya lau alhali akwai aibi. Fatar wurin kuma ta kan bushe ta yi siriri, har ƙwayoyi masu lafiya su yi kama da masu cuta, a ta da hankalin mace a banza. Saboda haka ba a dogara ga gwaji ɗaya, sai an maimaita.

Bayan rasuwarsa aka tabbatar ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa kusan dukan wannan sankara. Cikin 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fifita gwajin neman ƙwayar kanta, tun daga shekara 30, kuma kada a sallami mace bayan shekara 50 sai gwaji biyu a jere sun nuna ba kome.

Nijeriya ta soma yi wa 'yan mata rigakafin HPV cikin 2023, amma allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu. To, mu da mu ke da iyaye mata da gwaggwanni a gida, kada mu ce tsufa ya tsare su. Mu kai su gwaji, mu kuma mai da su in lokaci ya zagayo. Wadda kuwa ta ga jini bayan ɗaukewar haila, ta je asibiti nan da nan, ko da gwajinta na baya ya nuna lafiya.