Charles Darwin, Mutumin da Ya Iya Kallo

A wannan makon mun kawo muku tarihin Charles Darwin, masanin halittu ɗan ƙasar Ingila. An haife shi ranar 12 ga Fabrairu, 1809. Mahaifinsa likita ne, ya so ɗansa ya gaje shi, amma Darwin bai iya jure ganin tiyata ba, don a lokacin babu maganin kashe zafi. Abin da ya fi so shi ne tara ƙwari da duwatsu.

A Disambar 1831, yana da shekara 22, ya shiga jirgin ruwa mai suna Beagle. Tafiyar ta ɗauki kusan shekara biyar, kuma ya sha fama da jiri da amai, amma bai daina rubuta abin da ya gani ba.

A Satumbar 1835 suka isa tsibiran Galafagos, waɗanda aman wutar duwatsu ya samar a tsakiyar teku, kimanin kilomita 1,000 daga ƙasar Ekwado. Mako biyar ya yi, ya taka tsibiri huɗu. Ya ga kunkuru mai girman da mutum zai hau bayansa, da ƙadangaru masu nutsewa cikin teku su ci ciyawar ruwa. Wani jami'in tsibiran ya gaya masa cewa daga ƙoƙon bayan kunkuru yana gane tsibirin da ya fito.

Sai dai Darwin ya yi sakaci. Ya tara wasu ƙananan tsuntsaye bai rubuta tsibirin kowanne ba. Da ya koma gida, masanin tsuntsaye John Gould ya nuna masa cewa danginsu ɗaya, bakinsu ne ya bambanta. Dole ya nemi tsuntsayen abokan tafiyarsa, waɗanda suka rubuta inda suka kama nasu.

A 1859 ya fitar da littafinsa kan yadda halittu ke sauyawa, wanda ya jawo muhawara mai zafi har yau. Ya mutu a 1882.

Yanzu masu yawon buɗe ido na zuwa Galafagos, kuma doka ta hana su taɓa dabbobin. Mu ba mu da teku, amma muna da ƙadangaru da tsuntsaye a harabar makaranta. Idan mun kalle su, mu rubuta rana da wuri a littafinmu.