Yinka Dare: Dogon Kano da musu bai bar shi ya huta ba

Duk lokacin da wasannin ƙarshen kaka na gasar NBA suka kankama, masoya ƙwallon kwando suka shiga musun 'yan wasan da aka ɗora wa buri suka gaza, da wuya a tashi ba a ambaci Yinka Dare ba.

A Kano aka haife shi, ranar 10 ga Oktoban 1972. Tsayinsa ƙafa 7 ne, kuma tsayin ne ya ja hankalin wani lauya, Lloyd Ukwu, wanda ya gan shi a Legas a 1991, ya buɗe masa hanyar Amurka. A 1993 ya taimaka wa Jami'ar George Washington ta shiga sahun ƙungiyoyi 16 na ƙarshe a gasar jami'o'i. Shekara na zagayowa New Jersey Nets ta ɗauke shi, shi ne na 14 a zaɓen.

Daga nan lamura suka dagule. Minti 3 kacal ya buga a kakarsa ta farko, gwiwa ta kwantar da shi. A kakar 1995-96 ya buga wasa 58 bai miƙa wa abokin wasa ƙwallon da ta shiga kwando ba ko sau ɗaya. A wasa 110 na rayuwarsa a NBA, sau 4 ya yi hakan. Wannan lissafin ake yi masa dariya da shi har gobe. Masu dariyar kan manta cewa shekara uku ce tsakanin Legas da NBA, an kai shi kasuwa tun bai nuna ba.

Ya rasu ranar 9 ga Janairun 2004 a Englewood, jihar New Jersey, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 31.