Tarihin Marigayi Rashidi Yekini, Ɗan Kaduna Da Ƙwallo Ta Kai Shi Ƙasashe Bakwai

Duk wanda ya yi wayo a shekarar 1994 ba zai manta da daren 21 ga watan Yuni ba, ran da jama'a tun daga Maiduguri har Ikko suka hana idonsu barci suna kallon 'yan wasan Nijeriya suna karawa da na Bulgeriya a birnin Dalas na Amurka. A wannan dare ne Finidi George ya miƙo ƙwallo daga gefen dama, wani dogon ƙato ya tura ta raga, sa'an nan ya bi ta ciki ya riƙe ragar yana girgizawa yana kuka. Wannan ce ƙwallo ta farko da Nijeriya ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya, wanda ya ci ta kuwa shi ne marigayi Rashidi Yekini.

An haifi Rashidi a Kaduna ran 23 ga watan Oktoba na 1963. Iyayensa Yarabawa ne, mutanen Ira ta Jihar Kwara, amma a Kaduna ya tashi, a nan ya buɗe ido, a filayenta kuma ya koyi tamaula. A wancan zamani manyan kamfanoni sukan riƙe kulob ɗin ƙwallo na kansu, suna ɗaukar samari masu ƙafa suna ba su abin masarufi. To, kulob ɗin masaƙar UNTL ta Kaduna ne ya fara ɗaukar sa, tun bai cika shekara ashirin ba.

Ba a daɗe ba labarinsa ya kai Kudu, sai kulob ɗin Shooting Stars na Badun ya ɗauke shi. Yana tare da su a 1984 suka kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka, amma Zamalek ta Masar ta doke su. A wannan shekara ce kuma aka fara kiran sa ƙungiyar 'yan wasan ƙasa. Daga Badun ya koma Abiola Babes ta Abekuta, a 1987 kuma ya ƙetare iyaka ya tafi Africa Sports ta Abijan a ƙasar Kwaddibuwa. Daga nan yawon duniya ya fara.

A 1990 ya sauka Fotugal, a kulob ɗin Vitoria na garin Setubal, wani gari na masunta a bakin teku. Nan ne tauraronsa ya haska sosai. Kulob ɗin ya faɗa rukuni na biyu, amma a kakar wasa ta 1992 zuwa 1993 Rashidi ya ci ƙwallo 34, ya ɗago su suka koma rukuni na farko. Da shekara ta zagayo ya ci 21, babu wanda ya kamo shi a duk ƙasar. Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka ma ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Afirka na 1993, shi ne kuma ɗan Nijeriya na farko da hukumar ta bai wa wannan girma.

Shi Rashidi ba mai yawan yanka da kwalliya ba ne a fili. Abin da Allah Ya hore masa shi ne ƙarfi da gudu da nauyin ƙafa. In aka jefa masa ƙwallo gaba, ya sa kafaɗa ya ture mai tsaron baya, to sai dai gola ya yi ta kansa. Da wannan ya fi kowa cin ƙwallo a gasar cin kofin Afirka ta 1992 a Senegal, inda ya ci 4, da kuma ta 1994 a Tunisiya, inda ya ci 5, Nijeriya ta ɗauko kofin bayan ta doke Zambiya da ci 2 da 1. Kafin wannan nasara sau uku yana cikin tawagar da ta kai wasan ƙarshe ta dawo hannu rabbana, watau a 1984 da 1988 da 1990. Gaba ɗaya ya ci wa Nijeriya ƙwallo 37, har ya koma ga Mahaliccinsa babu wanda ya kai shi.

Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Bayan gasar Amurka ya tafi Olympiakos ta ƙasar Girka, zama bai yi daɗi ba, ya wuce Sporting Gijon ta Sifen, can ma ragar ta ƙi karɓar ƙwallonsa. Ya sake leƙawa Setubal a 1997, sa'an nan ya tafi Zurik ta Suwizalan, inda ƙafarsa ta dawo ya ci ƙwallo 14, har aka sa shi cikin 'yan wasan da suka je gasar duniya ta 1998 a Faransa. Daga nan sai Bizat ta Tunisiya, sai Al-Shabab ta Riyad a Sa'udiyya, sai kuma Abijan karo na biyu. A 2002 ya dawo gida ya buga wa Julius Berger ta Ikko, a 2005 kuma, yana da shekara 41, ya sake ɗaura takalmi na ɗan lokaci a kulob ɗin Gateway na Abekuta.

Bayan ya aje ƙwallo ya zauna a Badun. Mutum ne mai riƙo da addini, marar son hayaniya, ba ya zuwa bukukuwan manya, ba ya neman muƙami a hukumar wasanni. A hankali ya janye jikinsa daga jama'a, rashin lafiya kuma ya kama shi, waɗanda suka yi ta kiran sunansa a da ba su waiwaye shi ba sai da aka ji labarin rasuwarsa ran 4 ga watan Mayu na 2012, yana da shekara 48. An yi masa sutura a Ira, garin iyayensa.

Akwai abin lura ga mutanen Arewa a cikin wannan tarihi. Masaƙa ce ta tsinci Rashidi ta ba shi riga da takalmi, ita kuwa masaƙar UNTL ta rufe ƙofofinta a 2007, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Yaran da ke buga tamaula ba takalmi a Gwange da Hausari da Bulunkutu suna bukatar wanda zai tsince su kamar yadda aka tsince shi, wanda ya yi wa ƙasa aiki kuma yana bukatar a leƙa shi tun yana da rai. Allah Ya jiƙan Rashidi Yekini, Ya gafarta masa kurakuransa, amin.