Alhaji Abubakar Imam: Baiwa Tana Son Mai Reno

A wannan mako zan ba ku tarihin wani bawan Allah wanda da wuya a shiga gida a nan birnin Zazzau ba a sami wadda ta san littafinsa ba, watau Alhaji Abubakar Imam.

An haife shi a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a 1911. Ɗan gidan malamai ne, saboda haka karatun allo ya fara yi kafin boko. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya fita a 1932, aka ba shi koyarwa a Midil ta Katsina. Wannan kwaleji ita ce daga baya ta dawo Zariya, ta zama Barewa.

A 1933 Dokta Rupert East, Baturen da ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, ya sa gasar rubuta labarai da Hausa. Imam yana da shekara 22 ya aika da Ruwan Bagaja, ya kuwa shiga cikin littattafai biyar da aka buga. Sauran su ne Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi.

To, ga inda nake so ku lura. East bai tsaya ga yabo kawai ba. A 1936 ya nemi a ba shi aron saurayin nan, ya kawo shi Zariya, ya tara masa littattafan labarun Larabawa da Indiyawa da Turawa. Imam ya karanta, ya sāke musu riga ta Hausa, ya rubuta, a duba tare a gyara. Cikin wata shida aka sami Magana Jari Ce, littafi uku, mai labarin akun nan da ya zama waziri saboda iya magana. A 1939 da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa na farko. A 1943 ya je Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya rasu a 1981. Allah ya jiƙansa, amin.

Kun gani, baiwa Allah ne ya ba shi, amma sai da aka sami wanda ya gane ta, ya ba shi littafi da lokaci da gyara. Iri mai kyau ma sai da ruwa da noma yake yin yabanya.

Wani abu kuma, cikin marubutan gasar nan da aka buga babu mace ko ɗaya, alhali kuwa mu ne masu tatsuniya. Dalili shi ne 'yan mata kaɗan ƙwarai aka bari suka shiga makaranta a lokacin. Yau ƙofa a buɗe take, amma a ajina nakan ga yarinya mai kaifin kai, mai tsara labari har 'yan aji su yi tsit, kwatsam sai ta daina zuwa saboda talla.

Uwargida, in 'yarki mai yawan tambaya ce, ko mai shirya labari, ko zane a ƙasa, kada ki ce surutu ne ko wasa. Ki saurare ta. Ki saya mata littafin rubutu da fensir, ki rage mata aiki bayan magariba, ki je ki gana da malamarta, ki kuma yi wa maigida bayani cikin ladabi. Ke kuma 'yar makaranta, ki rubuta tatsuniyar da kakarki ta ba ki, ki kai wa malama ta duba, kada ki ji haushin jan biro. Imam ma sai da aka yi masa gyara.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.