Janar Murtala Muhammad: Shugaban da Ya Ɗaure Aiki da Lokaci

An haifi marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad a Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi karatu a Kwalejin Barewa ta Zariya, ya shiga soja a 1958, ya sami horo a Sandhurst ta Ingila, sannan ya ƙware a sashen sadarwa. A yaƙin basasa shi ya jagoranci Runduna ta Biyu, wadda dakarunta suka kashe fararen hula masu yawa a Asaba a 1967. Ya zama shugaban ƙasa a ƙarshen Yulin 1975.

Abin da ya fi jan hankalina a rayuwarsa shi ne yadda yake sa wa aiki wa'adi. A yau masu tsara manyan ayyuka kan ba kwamfuta jerin matakai, da tsawon lokacin kowanne, da wanda dole ya riga wani. Ita kuma sai ta nuna matakan da in ɗayansu ya makara, aikin duka ya makara. Irin wannan tunani nake gani a jadawalin da Murtala ya bayyana ranar 1 ga Oktoba, 1975. Za a fara da ƙirƙiro jihohi da rubuta tsarin mulki, sai gyaran ƙananan hukumomi, sai majalisar tsarin mulki, sai ɗage takunkumin siyasa, sannan zaɓe. Ranar miƙa mulki kuwa ita ce 1 ga Oktoba, 1979.

A Fabrairun 1976 ya mai da jihohi 19 daga 12, ya kuma kafa dokar mayar da babban birni zuwa Abuja, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Ranar 13 ga wannan wata aka kashe shi a Legas, a yunƙurin juyin mulkin Dimka, aka binne shi a Kano.

Duk da haka jadawalin bai rushe ba. Janar Obasanjo ya miƙa wa Alhaji Shehu Shagari mulki a ranar da aka tsayar. Abuja kuwa, wadda aka sa ran tarewa a 1986, sai ranar 12 ga Disamba, 1991 gwamnati ta tare, bayan faɗuwar farashin mai da sauye-sauyen gwamnati. A ganina, sa rana kaɗai ba ya gama aiki. Sai an jera matakai, an kuma tanadi abin da kowane mataki yake buƙata. Allah ya jiƙansa, amin.