Ibn Khaldun: Magatakardan da Ya Ɗora Labari a Ma'auni

Malaman tarihi sun daɗe suna kwafar wani labari daga littafi zuwa littafi, wai Sarki Iskandar ya shiga akwatin gilashi, aka zura shi ƙarƙashin teku, ya zano surar dodannin da ke rushe masa ginin Iskandariyya. Al-Mas'udi ma, duk da girmansa, ya kawo shi. Da Abdurrahman Ibn Khaldun ya karanta, sai ya ƙi yarda. Hujjarsa ita ce, sarkin da ke riƙe da mulki ba zai yi kasada da ransa haka ba, kuma duk wanda aka rufe a akwati cikin ruwa, iskar shaƙa za ta ƙare masa.

An haife shi a Tunis a 1332. Annobar da ta ɓarke a 1348 ta kashe iyayensa da yawancin malamansa. Yana ɗan shekara ashirin ya kama aikin rubutu a fada, kuma daga nan rayuwarsa ta zama ta hidimar sarakuna. A Fas, Sarki Abu Inan ya ɗaukaka shi, sannan ya ɗaure shi kusan shekara biyu bisa zargin makirci. Sarkin Garnaɗa ya aike shi jakada wurin Sarki Pedro a Ishbiliya a 1364, ya kuma riƙe babban muƙami a Bijaya. Ya ga yadda fadawa ke gyara magana kafin ta isa kunnen sarki, shi kansa kuma ya sha sauya ubangida.

A 1375 ya janye jiki zuwa ganuwar Ibn Salama, a Aljeriya ta yau. A can ya rubuta Muƙaddima cikin wata biyar a 1377. Ya zayyana ƙofofin da ƙarya ke bi ta shiga tarihi: ɓangaranci, yarda da mai ba da labari ido rufe, da yabon masu mulki don neman shiga. Wadda ya fi nauyayawa ita ce rashin sanin yadda al'umma take gudana. A ganinsa, kafin a tsaya tantance amincin wanda ya kawo labarin wani abu da ya auku, sai a fara tambaya ko abin yana yiwuwa. Idan aka ambaci runduna mai yawan gaske, sai ya tambayi ƙasar da za ta ciyar da ita da filin da zai ɗauke ta. Ya lura cewa mutane sun fi zuzuta adadin sojoji da na dukiya, amma da an buɗe kundin hukuma sai lissafin ya zube. Ya kuma fallasa masu yawo da tsofaffin takardu, suna karɓar kuɗin masu hali da sunan tono taskar da aka binne.

Sai dai ya san ƙaryatawa ma tana da nata ramin. Lokacin da mutanen Fas ke raɗe-raɗin cewa Ibn Battuta ya yi ƙari a kan kyautar Sarkin Delhi, wani waziri ya gargaɗe shi da misalin yaron da ya girma a kurkuku: da aka kwatanta masa tunkiya, sai ya ɗauka wani irin ɓera ce, don ɓera kaɗai ya sani. Ibn Khaldun ya adana wannan gargaɗi a littafinsa. Duk da haka, bai tsira daga abin da ya hana ba, domin abin da ya rubuta game da ɗabi'ar baƙar fata, wanda ya jingina da zafin ƙasa, ba zai tsallake ma'auninsa ba. Tarihin sarakunan Mali kuwa, da ya tattaro daga bakin waɗanda suka san ƙasar, masana na dogara da shi har yau.

Ya koma Masar a 1382, Sarki Barƙuƙ ya naɗa shi babban alƙalin Malikiyya. Iyalinsa sun nutse a jirgin ruwa kusa da Iskandariyya a hanyarsu ta zuwa wurinsa. A 1401 aka zuro shi da igiya daga ganuwar Dimashƙ ya gana da Taimur, wanda ya sa shi ya rubuta masa bayanin ƙasashen Magrib. Sau shida ana naɗa shi alƙali, kuma yana kan kujerar ya rasu a Alƙahira a 1406.